Yadda ake gano matsalar direban katin siriyal mai fot da yawa, a Windows da Linux

Ka samo kati mai fot huɗu ko takwas, ka ɗaura a kwamfuta don ka jona sikeli ko injin masana'anta ko firintar rasit, ka kunna, sai Windows ta tarbe ka da alamar motsin rai ruwan ɗorawa, ko kuma Linux ta ba ka fot uku ta haɗiye biyar ba ko bayani. Na sha wannan fama ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma abun da zan fara gaya maka shi ne sunan da ke jikin kwali ba shi ne katin ba. Kamfanoni barkatai cip iri ɗaya suke saya su manna a allo su buga sunansu, shi kuwa direba babu ruwansa da kwali, cip ɗin ya sani. In ka riƙe wannan, ka kuma bi abun daga ƙasa zuwa sama, wato silot, sai direba, sai fot, sai waya, ba za ka ɓata yini kana saka direba kana cirewa ba.

Kayan da za ka tanada

Sukudireba, tocila ko fitilar waya don karanta rubutun jikin cip, da izinin admin a kwamfutar. Sai ɗan guntun waya ko kilif ɗin takarda da za ka haɗa fil biyu da shi, in kana da kan DB9 (bakin fot ɗin siriyal mai fil tara) na mace wanda aka riga aka haɗa fil 2 da 3 a ciki ya fi, amma kilif ma yana yi in hannunka bai rawa. Mita ta gwada wuta in akwai. Manhajar magana da fot: PuTTY ko Tera Term a Windows, picocom ko minicom a Linux. Sai kebul ɗin da ya zo tare da katin, shi ɗin dai ba wani ba, zan faɗi dalili a gaba. In kwamfutar ba ta da intanet ka tanadi filasha da wata kwamfutar da za ka sauke direba da ita.

1. Tabbatar kwamfutar ta ga katin tukunna

Kashe kwamfuta, zare wayar wuta gaba ɗaya, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci sauran wutar ta fita, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kati. Danna shi ya zauna daram, sannan ka lura lokacin ɗaure noti, don sau da yawa ɗaurewar ce ke ɗaga bayan katin ya ɗan fito daga silot ba ka sani ba. Katin PCIe x1 yana shiga dogon silot na x4 ko x16 lafiya lau, amma tsohon PCI da PCIe ba sa shiga na juna, kar ka tilasta.

A Windows danna maɓallin Windows da R ka rubuta devmgmt.msc, Device Manager zai buɗe, ka duba ƙarƙashin Other devices, yawanci za ka ga an rubuta PCI Serial Port da alamar nan. Wannan alamar labari ne mai daɗi fa, tana nufin an ga katin, direba ne kawai babu. A Linux rubuta:

lspci -nn

ka nemi layin da ke cewa Serial controller ko Multiport serial controller ko Communication controller.

In babu shi ko'ina, toh dakata, ba maganar direba ake ba, duk direban duniya ba zai tashi katin da madabod bai gani ba. Canza silot. Wasu madabod suna kashe wani silot ɗin in an saka ma'ajiyar SSD a silot ɗin M.2 saboda layi ɗaya suke rabawa, littafin madabod ɗin zai faɗa. In nan ma shiru ka kai katin wata kwamfutar, in can ma shiru, katin ne ya mutu.

2. Karanta lambar cip

Nan ne gaba ɗaya aikin yake. Kowane katin PCI yana da lambobi biyu, ta kamfanin cip da ta samfurin. A Windows danna dama a kan na'urar, Properties, Details, ka zaɓi Hardware Ids, za ka ga abu kamar PCI\VEN_1C00&DEV_3253. A Linux lambobin ne a ƙarshen layin lspci, kamar 1c00:3253. Rubuta su a takarda, har da SUBSYS ɗin in akwai.

Waɗanda za ka fi cin karo da su: 1c00 da 4348 na WCH ne, masu CH382 da CH384 da tsohon CH352. 9710 na NetMos ne ko MosChip, irin su MCS9865 da MCS9922, yanzu wajen ASIX ake samun direbansu, ita ASIX ɗin kuma tata lambar 125b ce mai AX99100. 1415 Oxford ne. 13a8 Exar ne, masu XR17V352 da 354 da 358, MaxLinear ta saye su a 2017 saboda haka can za ka nema. 1393 Moxa, 12d8 Pericom, 135a Brainboxes, 114f Digi.

In kwamfutar ta ƙi nuna lambar yadda kake so, haska fitila ka karanta rubutun da ke kan babban cip ɗin da idonka. Kar ka ruɗe da ƙananan cip da ke jere kusa da bakin fot ɗin, su masu ɗaga wutar RS-232 ne kawai, babu direba a kansu.

Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya ɗauki faifan da ya zo a kwali ya buɗe ya ga folda goma sha ya saka ta farko. Faifan na kayan kamfanin ne duka, ba na katinka kaɗai ba, wani sa'in ma sun canza cip sun bar tsohon faifai. Kuma don Allah ka rabu da manhajojin nan masu cewa za su nemo maka duk direbobi da kansu, ka je shafin mai katin, in babu ka je na mai cip ɗin.

3. Saka direba a Windows

Sauke wanda ya dace da Windows ɗinka, 64 ko 32, ka warware shi a folda. Buɗe fayil ɗin da ya ƙare da .inf da Notepad ka nemi lambarka ta VEN da DEV a ciki, in ba ta nan wannan direban ba naka ba ne, kar ma ka wahalar da kanka. In tana nan ka koma Device Manager, Update driver, Browse my computer, ka nuna masa foldar. Ko ka buɗe cmd a matsayin admin:

pnputil /add-driver C:\folda\sunan.inf /install

Abun da ke ruɗa mutane shi ne katin mai fot da yawa hawa biyu ake saka shi. Da farko uwar katin za ta shiga ƙarƙashin Multifunction adapters ko Multi-port serial adapters, bayan nan sai 'ya'yan su ɓullo ɗaya bayan ɗaya kowanne yana neman nasa direban, sai mutum ya ga sababbin alamomi huɗu ya ɗauka abun ya ƙara lalacewa ne alhali ya kusa gamawa. Nuna wa kowannensu foldar nan dai. In an gama za su koma ƙarƙashin Ports kowanne da lambar COM.

In an riga an cusa direban da ba daidai ba, cire shi da saiwarsa, in ba haka ba Windows za ta yi ta maido shi duk sanda ka kunna. pnputil /enum-drivers zai jero su, ka gano nasa, sai pnputil /delete-driver oem12.inf /uninstall, amma ka sa lambar da ka gani a naka, 12 ɗin misali ne. Sannan ka yi Restart, ba Shut down ba, don Fast Startup yana ajiye halin da kanel, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urori, yake ciki ya dawo da shi, kashewar ba ta cika kashewa ba.

4. Me lambar kuskuren ke cewa

Tana cikin Properties, shafin General. Code 28 babu direba, koma mataki na 3. Code 10 direba ya shiga amma na'urar ta ƙi tashi, galibi na wani cip ne ɗan'uwan naka ko tsohon yayi, nemi wani. Code 12 ba a samu wurin ba katin adireshi ko IRQ (layin da kati ke kiran firosesa da shi) ba, canza silot, kashe abun da ba ka amfani da shi a BIOS, ko ka sabunta BIOS ɗin.

Code 52 kuwa maganar sa hannu na dijital ne, Windows ta kasa tantance na direban. Tun Windows 10 fitowar 1607 a 2016, sabon direban kanel sai Microsoft ta sa masa hannu in Secure Boot na kunne. Za ka iya riƙe Shift ka danna Restart, Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka danna 7 ko F7, wannan zai ɗage dokar na kunnawa ɗaya tak. Ni dai don gwaji kawai nake yin haka, in tabbatar katin na da rai, don injin da za a bari yana aiki ba mai tsaronsa ba zai yiwu kullum sai an danna F7 ba. Code 39 a Windows 11 sau da yawa Memory integrity ne ya hana tsohon direba shiga, yana cikin Windows Security ƙarƙashin Core isolation. Kashe shi yana rage tsaron kwamfutar, saboda haka ka fara neman sabon direba. In duk ka rasa gane kan abun, buɗe C:\Windows\INF\setupapi.dev.log ka gangara can ƙasa, layin da ya fara da alamar motsin rai uku shi ne inda aka faɗi.

5. Lambar COM

Direba ya zauna amma manhajar injin ta ce ba ta ga fot ba. Duba lambar, ƙila an ba ka COM17 zuwa COM24, ita kuwa tsohuwar manhaja iyakarta COM4 ko COM9. Properties, Port Settings, Advanced, ka canza COM Port Number. In ka ga an rubuta in use a kan ƙananan lambobin alhali babu komai a jone, fatalwar tsofaffin na'urori ce, danna View, Show hidden devices, ka cire waɗanda suka dusashe. In kai ne mai rubuta manhajar, daga COM10 zuwa sama sai an kira shi da \\.\COM10.

Wani abun dariya, ka jona sikeli ko GPS da ke turo bayanai ba tsayawa, ka kunna kwamfuta sai kibiyar linzami ta haukace tana tsalle tana danna abubuwa da kanta. Ba kutse aka yi maka ba, Windows ce ta ɗauka linzamin siriyal ne aka jona. Zare kebul ɗin, nemi Microsoft Serial Ballpoint ko Serial Mouse ƙarƙashin Mice, ka yi masa Disable, kar ka yi Uninstall don zai dawo.

6. A Linux

Mafi yawan cip ɗin da na lissafa direbansu na cikin kanel tuntuni, saboda haka kar ka yi gaggawar sauke komai. Fara da:

lspci -nnk
sudo dmesg | grep -i tty
sudo cat /proc/tty/driver/serial

Na farkon zai nuna Kernel driver in use. In ka ga serial, wato 8250_pci ne ya kama shi, exar_serial na Exar ne, katin da ke haɗe da fot ɗin firinta kuma parport_serial ne ke ɗaukarsa, in bai hau ba ka yi sudo modprobe parport_serial. Kar ganin /dev/ttyS0 har zuwa ttyS31 ya ruɗe ka, yawancinsu fanko ne, fayil na ukun nan shi ke faɗin gaskiya: layin da aka rubuta uart:unknown babu komai a bayansa, wanda aka rubuta 16550A ko 16C950 ko makamancin haka da adireshi da irq shi ne fot na gaske.

Yanzu ga matsalar da ta fi kowacce yawa a katin fot takwas. Direban 8250 yana da iyakar fot ɗin da zai yi wa rajista, asalin saitin kanel 4 ne, wasu rabe-raben Linux sun ɗaga shi zuwa 32 wasu sun bar shi. In 4 ne kuma madabod ya riƙe ttyS0, katinka zai samu gurbi uku kacal, sauran biyar a bar su a waje, a dmesg za ka ga Couldn't register serial port da kuskure -28, ma'ana wuri ya ƙare. Duba naka:

grep 8250.*UARTS /boot/config-$(uname -r)

RUNTIME_UARTS shi ne adadin da ake tashi da shi, NR_UARTS shi ne rufin da ba za ka wuce ba sai ka sake gina kanel. Gyaran sauƙi ne, buɗe /etc/default/grub ka ƙara 8250.nr_uarts=16 cikin GRUB_CMDLINE_LINUX, sai sudo update-grub a Debian da Ubuntu, a Fedora kuma sudo grubby --update-kernel=ALL --args="8250.nr_uarts=16", ka sake kunnawa ka leƙa /proc/cmdline ka tabbatar ya shiga. Lissafin shi ne huɗun farko na madabod ne, ka ɗora adadin na katin, ka ɗan bar rara. Sai dai ka sani bayan wannan sunayen za su motsa, fot ɗin da yake ttyS1 jiya zai iya komawa ttyS4, duk manhajar da aka rubuta wa tsohon suna sai an gyara ta.

In fot ya fito amma ana ce maka Permission denied, sudo usermod -aG dialout sunanka, a Arch uucp ne sunan rukunin, ka fita ka sake shiga. In Device or resource busy ne, sudo fuser -v /dev/ttyS4 zai tona wanda ya riƙe shi, wani sa'in ModemManager ne, mai kula da modem, ko getty, mai jiran a yi login ta fot ɗin. In kuma dmesg ya ce nobody cared a kan wani irq, ka canza silot tukunna kafin ka fara wasa da saitin kanel na irqpoll.

7. In kanel bai san cip ɗin ba

Hanya mafi sauƙi ita ce sabon kanel. Kunna kwamfutar da filashar sabon Linux ba tare da ka saka shi ba, in fot sun fito ka san maganin kenan. In ba halin haka, gwada gabatar da lambar ga direban da ke nan:

echo "1234 5678" | sudo tee /sys/bus/pci/drivers/serial/new_id

ka sa lambobinka a wurin waɗannan. Direban zai yi cinke ne, wani lokaci ya dace wani lokaci ya ƙi, kuma da ka sake kunnawa ya tafi.

Na ƙarshe shi ne gina direban kamfani. Saka build-essential da linux-headers-$(uname -r), karanta README ɗinsu ka ga wane kanel suka ce yana ɗauka, don wanda aka rubuta wa kanel 3 ko 4 da wuya ya ginu a kan 6. In ya ginu amma modprobe ya ce Key was rejected by service, Secure Boot ne, mokutil --sb-state zai tabbatar maka, sai ka sa wa modul ɗin hannu ka shigar da makullin da mokutil --import ko ka kashe Secure Boot ɗin. Abu uku ka kiyaye. In direban cikin kanel ya riga ya kama katin, na kamfanin zai hau amma ba zai samu komai ba sai an saki katin. Sannan sunan fot ɗin ba lallai ya zama ttyS ba, na Moxa misali za ka iya ganin ttyM ko ttyMUE. Kuma in ba ka sa shi a DKMS ba, wato tsarin da ke sake gina direba da kansa in kanel ya canza, ranar da kanel ya sabunta ranar fot ɗinka za su ɓace.

8. Gwajin mayar da saƙo

Kar ka jona injin tukunna. A kan DB9 fil 3 ne ke turawa, fil 2 ke karɓa, fil 5 ƙasa. Lambobin na rubuce ƙanana a jikin robar, haska ka gani. Haɗa 2 da 3. A PuTTY zaɓi Serial, sa COM ɗin, gudu 9600, ka je saitin Serial ka mayar da Flow control zuwa None. A Linux picocom -b 9600 /dev/ttyS4, fita kuma Ctrl+A sai Ctrl+X. Rubuta komai. In haruffan na fitowa, ka cire wayar su daina, toh kati da direba da fot duk lafiyarsu ƙalau. Dole ka yi cirewar nan fa, in ba haka ba manhajar ce za ta iya nuna maka abun da ka rubuta da kanta ka yi ta murnar banza.

Yi wa kowane fot, kana yi kana manna takarda da sunansa, don lambar da ke jikin kebul ba kullum take bin jerin COM ko ttyS ba. In shiru, leƙa /proc/tty/driver/serial, in tx (abun da aka tura) na ƙaruwa rx (abun da aka karɓa) na tsaye a sifili direba na aikinsa, matsalar daga bakin katin zuwa waje take. Sa mita tsakanin fil 3 da 5, fot mai rai da ba ya tura komai zai nuna wuta ta ƙasa da sifili, tsakanin -3 da -15, in sifili ka gani ko dai ba fil ɗin ba ne ko cip ɗin ɗaga wutar ya ƙone.

Nan maganar kebul ta shigo. Na taɓa cinye kusan yini ina canza direba a kan wani kati mai fot takwas, komai ya fito tsaf a kwamfuta amma ko harafi ɗaya ba ya dawowa, ashe kebul mai rassan nan da na ɗauko daga akwatin tarkace na wani katin ne daban, bakin ya shiga daidai amma jerin wayoyin ciki ba ɗaya ba. Haka ƙananan kebul masu faɗi da ke tashi daga fil goma na jikin kati zuwa DB9, iri biyu ne a duniya kuma a ido ba ka bambance su sai da mita. In katin naka mai RS-422 ko RS-485 ne, haɗa 2 da 3 ba zai yi ba, jerin fil ɗinsu daban ne, ka duba littafinsa da 'yan makunnan da ke jikin katin ka ga a wane yanayi aka bar shi.

9. Gwaji ya yi, amma injin na turo shirme

Gwajin can yana da makanta ɗaya: fot ɗin da kansa yake magana, saboda haka ko gudunsa ba daidai ba ne zai ji kansa. Fara da saiti, gudu da 8N1 ko 7E1 (wato data bits da parity da stop bits) da flow control su zo ɗaya da na injin. In shiru ne gaba ɗaya ba shirme ba, sauya kebul, miƙaƙƙe da na null modem mai juya 2 da 3 ba sa maye gurbin juna.

In duk wannan daidai ne kuma har yanzu tarkacen haruffa kake gani, fe, wato ƙidayar framing error, na ta hauhawa a fayil ɗin can na /proc, ka zargi agogon katin. Tsohon UART, wato cip ɗin fot ɗin siriyal, da kiristal 1.8432 MHz yake aiki, a raba da 16 ya ba da 115200, wasu katunan kuwa 14.7456 MHz suke da shi wanda ke ba da 921600, ninki takwas kenan, in direba ya ɗauka na farkon ne kai ka ce 9600 katin ya yi ta zuba 76800. Wannan ya fi faruwa in ka bi ta new_id. Hanyar ganewa, haɗa fot ɗin da wani fot da ka yarda da shi ta null modem, bar wancan a 9600, sa naka a 1200, in magana ta fito sarai ka kama ɓarawon. Karanta lambar da ke jikin ɗan ƙarfen kiristal ɗin, sannan:

sudo setserial /dev/ttyS4 baud_base 921600

Ka yi wa kowane fot na katin, kuma ka sa layukan a abun da ke gudana lokacin tashi, sabis na systemd ko dokar udev, don setserial ba ya tuna komai bayan an kashe kwamfuta.